Malam Sallau Mai 'Yan Kunne na Tudun Wada

Duk wanda ya saba bi ta layin teloli a Tudun Wada da safe ya san cewa kafin mai koko ta sauke tukunyarta, Malam Sallau ya riga ya jingina kekensa a jikin dogon yaron da ke ƙofar shagonsa. Yakan buɗe ƙyaure da bismilla, ya yayyafa ruwa a ƙofa, ya hura gawayi a ɗan kasko, ya ɗora ƙarfen da yake narka dalma da shi. Daga nan sai ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, domin duk ƙanƙantar abin da ya faɗo daga cikin rediyo ya gan shi. Idan ya zauna, ba ya tashi sai kiran salla. Haka muka tashi muka gan shi, haka kuma ya ci gaba har ƙarshen watan jiya da ya ajiye aiki.

Mahaifinsa mutumin wajen Katsina ne, cinikin auduga ya kawo shi Gombe ya zauna. Shi Sallau a Jos ya koyi gyaran rediyo, ya dawo gida ana gab da samun mulkin kai, daidai lokacin da rediyo mai batir ya fara shiga gidajen talakawa. Masu gyara ba su yi ƙaranci a garin nan ba, wasu ma shagunansu sun fi nasa girma da ado. Abin da ya sa nake rubutu a kansa wani ɗan abu ne da ake maƙalawa a kunne, wanda mutane suka daɗe suna kira 'yan kunnen Sallau, tun kafin samarinmu su san kalmar hedfon.

Asalin labarin a bakin Suwaibatu na ji shi, wata baiwar Allah da ke zaune a Kwadon, kuma a gabanta aka yi komai. Lokacin yaƙin basasa mijinta Bamanga ya shiga soja, ya bar ta da mahaifiyarsa, Iya Jumma. Tsohuwar ta taɓa yin wani zazzaɓi mai zafi da ya taɓa mata kunne, ba ta jin magana sai an matso kusa an ɗaga murya. A zamanin gidan rediyo yakan ɗauko muryoyin sojoji suna gaida iyalansu, a sa da yamma. Wata rana ana zaune a tsakar gida sai ga muryar Bamanga. Gidan ya kaure da murna, maƙwabta suka shigo da gudu. Iya Jumma tana zaune gwiwarta na taɓa rediyon, amma ban da wani gunaguni babu abin da ya shiga kunnenta. Fuskokin mutane kawai take kallo. Da aka gama, Suwaibatu ta durƙusa ta maimaita mata duk abin da ya faɗa, kalma bayan kalma. Tsohuwar ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Na gode, 'yata. Amma wannan muryarki ce."

Wani maƙwabci ya ce ai ana maimaita shirin ranar Lahadi. Washegari suka hau mota suka shigo Gombe da rediyon a naɗe cikin zane, aka nuna musu shagon Malam Sallau. Buƙatarsu ɗaya ce, a ƙara wa rediyon ƙarfi. Ya yi musu bayani cewa idan aka ƙure ƙara, lasifika rawa take yi, murya ta farfashe, mai ji da kyau ma ya kasa gane wa ke magana. Sai ya jawo wani tsohon abin sauraro na ma'aikatan waya, na ƙarfe da baƙar roba, wanda da shi yake gwada duk rediyon da aka kawo masa. Ya ɗora wa tsohuwar a ka. Nan take fuskarta ta sauya, domin ta ji mai karanta labarai. Amma ba a jima ba ta sa hannu biyu ta cire, ta ce yana matse mata kai kamar an ɗaure ta da igiya, wuyanta kuma ya ƙage. Shirin gaisuwar yana da tsawo, ba wanda ya san a ina za a iso kan Bamanga. Malam Sallau ya juya abin a hannunsa. Daga bisani ya ce su bar rediyon su koma gida, shi zai kawo musu da kansa.

Bawa tela, wanda shagonsa ke manne da nasa, ya ba ni ragowar labarin. Ya ce Sallau ya ture duk aikin da ke gabansa gefe, har wani mai mota ya zo ya ɗauke rediyonsa cikin fushi ya kai wani wuri. Ya kwance abin gwajin nan, shi ke nan gare shi kuwa, ya zare 'yan ƙananan lasifikan da ke ciki ya watsar da ƙarfen. Ya samo ƙashin tsohuwar laima ya lanƙwasa shi daidai faɗin kai. Ya sa Bawa ya ɗinka masa 'yan matasai biyu na karan-miski, aka cusa musu auduga, don kada komai mai tauri ya taɓa fatar tsohuwa. Abin da ya fi cin lokacinsa shi ne muryar kanta. Ya yi ta sauya 'yan kayan ciki yana rage kaurin sauti, don maganar mutum ta fito tas. Bawa ya ce ya leƙa ya tarar da shi ya toshe kunnuwansa da auduga, ya ɗora abin a kai yana sauraron labarai, wai yana so ya ji yadda duniya take a kunnen Iya Jumma.

Ran Lahadi bayan azahar ya ɗaure rediyon a bayan keke ya taka har Kwadon. Ya durƙusa ya gaida tsohuwar, ya nemi izini ya gyara mata abin a saman ɗankwali. Ta jira kaɗan, sannan ta tambaye shi ko bai sa ba ne tukuna. Ya ce ya sa. Aka fara shirin. Suwaibatu ta ce sojoji da yawa sun yi magana kafin a zo kan nasu, 'ya'yan mutanen da ba su sani ba, daga garuruwan da ba su taɓa zuwa ba, kuma duk wanda ya nemi addu'a sai su ji tsohuwar ta ce amin. Can sai ya zo.

"Ni ne Bamanga daga Kwadon. Ina gaida Innata Jumma, ina gaida iyalina. Inna, lafiyata lau. Ki riƙa cin abinci, na san halinki."

Iya Jumma ta sa tafukanta ta danne 'yan matasan a kunnuwanta. Ba ta yi kuka ba. Har aka wuce kan wani sojan ba ta motsa ba. Da ta sauke hannu sai ta dubi surukarta ta ce, "Mura yake yi. Tun yana ƙarami ba ya rufe ƙirjinsa."

Bamanga bai dawo ba. Kafin damina ta ƙare aka aiko da labarin rasuwarsa. Malam Sallau ya je ta'aziyya, ya zauna a zaure tare da maza, sai tsohuwar ta aiko a shigo da shi. Ta ce masa mata nawa ne 'ya'yansu suka tafi ba sallama, ita kuwa nata ya yi mata, ta kuma ji da kunnenta. Ta rayu shekaru bayan haka da abin a kanta kusan kullum, tana sauraron karatu da labarai, kuma ita ce ta fara kiransa 'yan kunnenta. Duk lokacin da karan-miskin ya sule, sai a ga Sallau ya iso da sabo.

Malam Sallau, kai ne wanda ya lalata abin gwajinsa ɗaya tilo don tsohuwar da bai taɓa gani ba kafin ranar. Kai ne ka koma gwada rediyo da kunne zalla har tsawon watanni, ba ka faɗa wa kowa dalili ba. Da Bawa bai buɗe baki ba, da har yau ba mu sani ba.

Labarin ya kai kunnen Sista Elizabet, wata ma'aikaciyar jinya 'yar wajen Kaltungo da ke kula da ɗakin masu tarin fuka a asibiti. Mutanen ɗakin sukan yi watanni a kwance. Rediyo shi ne abokin hirarsu, shi ne kuma abin rigimarsu, don kusan kowa da nasa: wannan yana son waƙa, wancan yana son wa'azi, na kusa da taga yana son waƙoƙin coci ranar Lahadi, wani kuma ciwo ya ci ƙarfinsa, shiru kawai yake nema. Ta zo shagon da fararen kayanta ta tambaya ko zai iya yi musu irin na tsohuwar. Ya fara bin masu gwanjon kayan waya yana tsintar tsofaffin lasifikai, ya harhaɗa musu gwargwadon abin da ya samu. Ita ta kawo shawarar a yi wa matasan kunnen 'yan riguna da za a riƙa cirewa ana dafawa saboda cutar, shi kuma ya lura cewa mai kwance a gefe ɗaya ba ya iya jure ƙarfe a saman kai, sai ya yi wasu masu kunne ɗaya da ake ɗaurawa da zaren saƙa. Sista Elizabet ta gaya mini cewa daga lokacin ɗakin ya yi tsit, har likita ya shigo wata rana ya tsaya a ƙofa yana duba gado-gado, don a saninsa shiru irin wannan ba alheri yake nufi ba. Sai ya ga kowa idonsa biyu, wani ma yana kaɗa ƙafa. Ta ce akwai waɗanda suka cika da abin a kunnensu suna jin karatun Alƙur'ani, ba su takura wa na kusa da su ba.

Sannan kuɗin mai suka shigo ƙasa. Kaya suka cika kasuwa, alhazai suka fara dawowa da rakoda da kaset, daga baya kuma da 'yan ƙananan na'urori da ake ratayawa a ƙugu, masu abin kunne mai soso, mara nauyi kamar ganye. Mutane sun zaci Malam Sallau zai kushe su, tunda sun zo sun shafe nasa. Ranar da wani ya kawo masa na farko ina wurin. Ya sa, ya lumshe ido, ya daɗe. Da ya cire ya ce a cikin waƙar ya ji har numfashin mai busa kafin ya hura, kuma abin da ya yi shekaru yana nema da ƙashin laima ga shi Allah ya ba wasu sun yi. Farin cikin da ke fuskarsa ba na yaƙe ba ne.

Amma bai ruɗu da ƙyalli ba. Da na jabu suka biyo baya, shi mutane ke kai wa kafin su saya. Yakan ce a sa magana tukuna, ba kiɗa ba, domin ganga tana rufe aibi, muryar mutum kuwa ba ta rufewa. Yakan sa mai saye ya zauna da abin a kansa suna hira. Idan ya fara kai hannu yana gyarawa, to a mayar, idan kuwa ya manta yana sanye da shi, ya dace. Waya ce lagonsu, siririya kamar gashi, tana tsinkewa a gindin filogi. A zamanin da kowa ke cewa a jefar a sayi sabo, shi yakan zauna ya fere ta, ya liƙe, ya naɗe wurin da zare, ya miƙa wa mai shi. Samarin da ke ƙure ƙara har na nesa yana ji, yakan kira su ya rage da hannunsa, ya ce musu ya ga abin da rashin ji yake yi wa mutum, kada su saye shi da kuɗinsu.

Yanzu yanar ido ta rufe masa ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo, kuma hannun da ke riƙe waya ya soma rawa. Bai jira ya ɓata wa wani kaya ba. Ya kira Rabe, wanda ya koya a hannunsa, yau shi ma magidanci ne da 'ya'yansa, ya damƙa masa shagon, ya koma gidansa da ke Malam Inna. Ba a yi taro ba, ba a yi jawabi ba. Teloli ne kawai suka tsayar da kekunansu suka fito suka raka shi bakin titi.

Malam Sallau, mun gode. Mutanen Kwadon sun gode, waɗanda suka tashi daga gadon asibiti sun gode, waɗanda ba su tashi ba kuma Allah ya ji abin da suka ce a kanka. Allah ya ba ka lafiya, ya sa ka gama da duniya lafiya, ya sa aikin hannunka ya tsaya maka ranar da babu mai tsaya wa wani.

Mu kuwa da muka rage, kowa yana da sana'a a hannunsa, kuma kowa akwai ranar da wani zai shigo masa da buƙatar da ba ta cikin abin da ya saba yi. Mai ɗinki, mai tuƙi, malamin makaranta, ma'aikacin ofis, kada mu yi saurin cewa ba aikinmu ba ne. Mu tsaya mu dubi mutumin tukuna.

Na je Malam Inna na gaya masa zan yi wannan rubutu. Ya yi ta ƙoƙarin hana ni, ya ce shi gyara kawai ya yi. Da ya ga ba zan fasa ba, sai ya ce to in tabbata na sa sunan Bawa, domin ɗinkin nasa ne. Na ce na sa. Sannan ya ce, "Idan ya fito, ka zo ka karanta mini. Kada ka ɗaga murya, ina ji."