Ashe Ni Ce Ba Lafiya

Wajenmu ɗan fari ba a nuna an damu da shi. Ba ki faɗin sunansa, ba ki ɗaukarsa gaban manya sai an miƙo miki, in ya yi kuka ki yi kamar ɗan maƙwabta ne. Haka na yi a gidan surukaina a Bukkuyum, fuska a sake, kunne kuwa yana kan numfashin yaron.

Bayan na dawo daga wankan jego abin ya fara. Ina zaune sai gabana ya faɗi dam, zuciya ta shiga bugu kamar ana daka a ƙirjina, in na miƙe ido ya rufe. Ni abin da na tashi da shi, gaba ba ya faɗuwa a banza, wani abu ne ke tafe. To wa nake da shi da abu zai samu in ba wannan ɗan mitsitsin ba?

Ina ƙarama aka yi gubar dalma a ƙauyukanmu daga ƙurar dutsen zinari, na ga yara suna jijjiga a bayan uwayensu. Gidan mijina manoman shinkafa ne, ba mai niƙa dutsen zinari, amma wa zai gaya wa zuciyata? Yaro ya yi miƙa, in ce jijjiga ce. Ya daɗe yana barci, in ce suma ce. Da ya fara zama na hana shi taɓa ƙasa, tabarma kuwa na wanke ta har ta fara zarewa. Ni ɗin da ke tsare shi daga ƙasa, ni ce ke laɓewa bayan rumbu ina ɓantarar ginin ina ci, don shi kaɗai raina ke so. Tuwo loma biyu nake yi in ture, kada a ce an auro mai ci.

Ranar rigakafi Inna, uwar mijina, ta goya shi, na bi su a baya kamar 'yar rakiya. Malamar asibitin, wata 'yar kudu mai kaifin baki, ta ce, "Ina uwar yaro?"

Na yi niyyar sunkuyar da kai. Sai kawai na ji bakina yana cewa, "Malama, don Allah ki duba mishi dalma, mutuwa zai yi!" Da kuka, da majina, gaban Inna.

Ta auna shi, ta jujjuya shi, yana ta ƙoƙarin cinye mata tabarau. "Wannan buhun ne zai mutu? Za a duba don hankalinki ya kwanta. Ke zo nan tukuna."

Ta ja fatar idona ƙasa, ta buɗe tafin hannuna, ta soki yatsana.

"Ke ce ba jini. Shi ke sa miki bugun zuciya. Kina cin ƙasa?"

Na gyaɗa kai.

"Kin gani! Mai tsoron dalma, ita ke cin ƙasa."

Inna ta riƙe haɓa. "Ke ɗiyar ga, ashe ke ka cinye min rumbu? Ni ina ta zagin gara! Cikin gidana kika zamna da yunwa? Mi za ni ce ma uwarki?"

Gwajin yaro ya fito lafiya. Ni aka haɗo da ƙwayoyin ƙarin jini. Daga ranar Inna ta zama mai gadina: hanta, wake, kwaɗon zogale, ta dire kwano gabana ta zauna da muciya a hannu har sai ta ga gindinsa. Kunya ba ta kashe ni ba, ko da yake ta yi ƙoƙari.

Ban san ranar da tsoron ya ragu ba. Na dai tuna wata rana bayan azahar, wajen wata biyu da zuwanmu asibiti, barci ya kwashe ni. Na farka ba yaro a gefena, na jiyo muryarsa can gidan maƙwabta, ko kuka ne ko dariya ban tantance ba. Na ɗan saurara, na gyara matashi, na koma barcina.