Ranar da Aka Tambaye Ni Sunan Mahaifina

Wajibi ne in fara da faɗin inda na samo wannan labari, domin abin da yaro ya gani ba duka ne yake kai shi girma yadda yake ba. Madogarata uku ce: abin da na riƙe da kaina, abin da Inna mahaifiyata ta gaya mini, da abin da na ji daga ƙaninta Kawu Isa, wanda na zauna a gidansa duk shekarun da na yi a elementare. Game da shekarar da aka sa ni makaranta, bakinsu bai zo ɗaya ba. Inna ta ce bayan damanar da gulbin Rima ya cinye mana shinkafa ne, Kawu ya ce a'a, sai da wata damanar ta wuce. Na nemi takardun makarantar, aka ce gara ta riga ni. Abin da na tabbata shi ne Turawa suna mulki, kuma zancen mulkin kai bai sauko bakin talakawa ba tukuna. Ba zan ambaci garin da makarantar take ba. Ya isa a ce garin hakimi ne a yankinmu na Wurno, Rabah da Goronyo. Na kuma sauya sunan malaminmu, don iyalinsa suna nan.

Wata Alhamis ce da la'asar, lokacin ciran albasa, a shekarata ta farko, Kawu ya kai ni ƙauyenmu kusa da Lahodu don in yi hutun Juma'a. Ba mu tarar da Baba a gida ba, sai muka bi shi fadama. Yana bakin jigo yana ɗebo ruwa, mutum huɗu ko biyar suna tara albasa a gefe, ƙamshin ganyenta ya cika wurin. Ina sanye da kakin makaranta, kuma ina ɗokin a ga abin da na koyo. Na je gabansa na haɗa dugadugaina, na miƙe sak, hannuwa a jikin cinya, na dubi tsakiyar idonsa, na ɗaga murya na gaishe shi. Masu tara albasa suka dakata. Baba bai dube ni ba. Ya juye gugan a kwalbati, ya jira ruwa ya bi hanyarsa zuwa fangalin albasa, sannan ya ce wa Kawu, “Isa, wanga dogarin wane sarki na?” Aka kwashe da dariya. Kawu ya doki bayan gwiwata da sandarsa, ya ce, “Durƙusa, kai! Gaban wa kake?” Na durƙusa a cikin taɓo, da kakin da aka ce kada in ɓata.

Sai an san gidanmu za a gane nauyin abin da na yi. Kakanninmu na wajen uba Fulani ne da suka zauna suka kama noma, shanu suka ƙare amma kunya ta zauna. Ni kuma ɗan fari ne. Baba bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa ɗaukata a gaban mutane ba. In yana son a kira ni, sai ya ce wa Inna, “Ina yaron nan?” Ni ma ban taɓa furta nasa sunan ba, ko a bayan idonsa. In muna wasa aka sami yaro mai irin sunan, sai in kira shi “mai sunan Baba”. Ba wanda ya zaunar da ni ya koya mini wannan. Na tashi na tarar da shi ne kamar yadda na tarar da rumbu a tsakar gida. Abin da Inna takan faɗa kawai, in ta ga ina ƙura wa babba ido, shi ne, “Idon yaro ƙasa shika kwana.”

A makaranta kuwa wata tarbiyya ake koyarwa, kuma da gaske ake koyar da ita. Da hantsi akan buga guntun ƙarfen da aka rataye a reshen tsamiya, mu jeru, a yi dirili, a duba farce da haƙora, wanda bai yi asuwaki ba a fitar da shi gefe. Daga nan sai Malam Garba, hedimastanmu, ya tsaya a gabanmu ya yi abin da yake kira darasin hali. Ba na son in zalunce shi a takarda, don abubuwa da yawa da na koya wurinsa suna tare da ni har yau: mayar da abin tsintuwa, cika alkawari ko na goro ne, da barin yi wa gurgu dariya. Shi ne ya hana manyan yara ƙwace ƙanzon ƙanana, ya kuma raba aikin gonar makaranta ta yadda ɗan hakimi da ɗan talaka kowa yake da kunyar auduga tasa. Amma jigon darasinsa shi ne tsayuwa da kallo. Yaro mai gaskiya, in ji shi, yakan miƙe ya dubi mai tambayarsa, ya amsa da murya a fili. Yakan ce, “Mai gaskiya ba ya neman abu a ƙasa.” Wanda ya sunkuyar da kai ko ya durƙusa yana amsa tambaya, hukuncinsa ɗebo ruwa da tulu daga rijiya ya shayar da ’ya’yan dogon yaro da aka dasa a gefen fili. Na taɓa cewa rabin itatuwan nan sunkuyar da kaina ce ta raya su. Akwai ƙari a ciki, amma ba mai yawa ba.

Haka na zama yaro mai jiki biyu. A mashigin gulbi, inda muke tuɓe kaki mu ɗora a ka don kada ya jiƙe, a nan nake sauyawa. In na nufi gida, sai in naɗe tsayuwar tare da kakin, in tuna wa idona ƙasa. In na nufi makaranta, sai in warware su. Amma jiki ba ya bin umarni kullum. Nakan durƙusa wa Malam Garba bayan hutu, in sha tulu. Nakan miƙe wa baƙon Baba a zaure, in sha harara, Inna kuma ta sha magana wurin matan gida, ana cewa boko ya cire wa ɗanta kunya. Ko wajen koran tsuntsaye a gonar gero, in babba ya gifta ta ƙarƙashin rumfar da nake, sai in rasa ko in sauko ko in miƙe. Wuri ɗaya ne jikina yake zama nawa, wato filin langa, inda kowa yake kan ƙafa ɗaya, ba mai tambayar inda idonka yake. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne, mun sha ganin Malam Garba da kansa yana tuɓe takalmi tun daga nesa da ƙofar hakimi, ya durƙusa, kansa a ƙasa. Ba wanda ya taɓa tambayarsa abin da yake nema a ƙasa.

A shekarar ƙarshe ne abin ya zama na gaske. Baturen makaranta yakan zo ya zaɓi ’yan kaɗan da za su wuce makarantar Midil a Sakkwato, sauran kowa ya koma gidan ubansa. Ina son tafiya ƙwarai, har ina mafarkinta da rana. Baba kuwa ya riga ya gaya wa Kawu cewa in Bature bai ɗauke ni ba, jigo yana jirana, kuma magana ta ƙare ke nan. Ana faɗi a tsakaninmu cewa bara an bar yaron da ya fi kowa lissafi, ɗan makiyaya daga wajen Boyekai, don ya ƙi ɗaga kai, Bature ya ce yana da ɓoye-ɓoye. Wannan a bakin yara na ji shi, ban sami wanda zai tabbatar mini ba. Amma Malam Garba ya yi ta horar da mu kamar gaskiya ne. Tambayoyin farko sanannu ne: sunanka, garinku, sunan ubanka, sana’arsa. A wurin gwaji nakan yi ƙasa da murya in haɗiye na ukun, shi kuma yakan kau da kai. Sai ga saƙo cewa hakimi ya umarci iyaye maza su halarta, don kada daga baya wani ya ce an tafi da ɗansa ba da saninsa ba.

Na sami Malam Garba a gonar makaranta yana duba auduga, na roƙe shi ko zan iya cewa ni ɗan Malam ne, kamar yadda mutanen ƙauyenmu suke kiran Baba. A aji Hausar littafi yake yi mana, amma ranar da harshen gida ya amsa mini. Ya ce, “Malam nawa ke akwai ƙasar Sakkwato? Ni ma Malam na, ko ni kaka so a rubuta?” Na ce Baba zai kasance a wurin. Ya murza ganye a hannunsa, sannan ya ce, “Na sani. Mi kaka so in yi maka? Shi Bature bai san kunya ba, ƙarya shika kiranta.” Ban taɓa jin ya yi magana haka ba, kafin ranar ko bayanta.

Ranar zaɓen an ajiye tebur a inuwar tsamiya. Bature yana zaune a tsakiya, wakilin hakimi a damansa, Malam Garba a tsaye a baya. An shimfiɗa wa iyaye tabarmi a gefe, kusa ƙwarai, har ana jin tarinsu. Baba yana bakin tabarma cikin rigarsa ta Juma’a, takalminsa a gabansa, Kawu yana kusa da shi. Da aka kira ni na fito na miƙe, na dubi Bature kamar yadda aka koya mini. Idonsa kalar ruwan toka ne, kuma Hausarsa tana fita a hankali, kalma bayan kalma. Na faɗi sunana. Na faɗi garinmu. Ya ce, “Mene ne sunan ubanka?” Ba na kallon Baba, amma farin rigarsa yana gefen idona, ya fi Baturen girma. In na yi shiru, na san an gama da ni. In na faɗa, kafin in isa gida labari ya riga ni, cewa ɗan farin wane ya kama sunan ubansa tsirara, a tsaye, a gaban jama’a. Bature ya ɗaga alƙalaminsa ya sake tambaya, wannan karon da ɗan ƙarfi. Na ji Malam Garba ya gyara tsayuwa.

Sai Baba ya tashi. Ba a tashi a gaban wakilin hakimi ba tare da neman izini ba, kowa ya san haka, don haka duk tabarmar ta juyo. Ya ɗauki takalminsa a hannu, ya karkaɗe rigarsa, ya bi ta gefen aji, ba sauri ba jinkiri, har bango ya rufe shi. A lokacin na faɗi sunan, da murya a fili, idona cikin na Bature. Ban sake furta shi ba tun daga ranar, kuma ba zan rubuta shi a nan ba. Bature ya gyaɗa kai ya wuce ga lissafi. Kafin azahar aka karanta waɗanda aka ɗauka, ina ciki. Baba bai dawo tabarmar ba. An ce daga bayan ajin ya kama hanyar gulbi.

Kawu Isa, wanda yake zaune kusa da shi, ya ce fushi ne. Ya ce ya ga jijiyar wuyansa, kuma ya tashi ne don kada kunnensa ya ɗauki abin da ba zai iya mantawa ba. Inna ba ta wurin, amma ta fi kowa sanin mijinta, ta ce, “Wuri ya ba ka, wawa. Da ya zauna, da kana can kana ɗibar ruwa.” Da na tambayi Malam Garba bayan ya bar aiki, ya ce shi idonsa yana kan alƙalamin Bature, bai ga fuskar kowa ba. Ban ma san ko Baba ya yi nisa da zai hana shi ji ba. Na koma wurin don in gwada, na tarar an sare tsamiyar, an rushe ajin an gina wani. Ranar da zan tafi Sakkwato, Inna ta ba ni buzun salla ta ce daga Baba ne, ba tare da wani saƙo ba. Kawu ya ce sallama ce, Inna ta ce albarka ce.

Yanzu na gama jami’a, ina koyarwa. Ɗalibaina suna faɗin sunayen iyayensu cikin sauƙi, suna kallona ido cikin ido, kuma ban ga sun fi mu ƙarya ko sun fi mu gaskiya ba. Wani lokaci nakan yi musu murna. Wani lokaci kuma, in ƙaramin yaro daga ƙauye ya sunkuyar da kai a gabana, sai in rasa ko in gyara shi ko in ƙyale shi, in ji kewar wani abu da ban san sunansa ba. Baba yana nan da rai, yana fadamarsa. In na je gida nakan durƙusa daga nesa in gaishe shi, ya amsa yana kallon wani wuri, ya tambayi Inna ko an ba yaron nan ruwa. An koya mini yadda ake yi wa tsofaffi tambaya a kan abubuwan da suka wuce, na kuma yi wa da yawa, amma shi ba zan iya ba. Tambayar tana nan yadda take: da Baba ya tashi ranar, ya buɗe mini hanya ne, ko ya juya mini baya?