Madarar Gwangwani

Ɗana na biyu yana jariri nonona ya ƙafe. Lokacin muna zaune a kwatas ɗin reluwe a Kafanchan, maigidana yana gyaran kan jirgi, yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba. Maƙwabciyata, wata 'yar Ibo mai ƙaramin kanti, ita ta nuna mini madarar gwangwani. Yaron ya karɓa, ya yi kumatu, har a zumuntar matan majami'armu ana rige-rigen ɗaukarsa.

Da ya fara rarrafe sai ya canza. Bayan gida sai da kuka, tafin hannunsa ya yi fari, in na kira shi bango yake kallo. Wata Lahadi ana tsakiyar waƙa a majami'a na ji ya sandare a bayana.

A asibitin mishan wani likita Bature ya ɗaga leɓensa ya daɗe yana duba dasashi, ya ɗebi jini.

"Mama, akwai dalma a jikin yaron nan," in ji shi. "Me kike ba shi?"

Na ciro gwangwanin daga jaka. Ya bi ɗinkin gefensa da farce.

"Da dalma ake liƙe wannan wurin. Amma ban ce shi ne ba. Zai iya zama bututun famfonku, ko tukunyar da kike dafa ruwa."

"To a gwada su mana, likita."

"Ba mu da abin gwadawa a nan."

"Me zan ba shi ke nan?"

Ya ce nono. Na kalli ƙirjina, shi kuwa ya kau da kai.

Na kai yaron Kagoro wurin uwar mijina. Ta dama masa kunun acca, ya furzar. Ta sa gyaɗa, ya amayar. "'Yata, yunwa za ta riga ciwon kashe shi," ta ce. Da hannuna na sake buɗe wani gwangwani. Yana zuƙa ina ta hawaye, ban sani ba ko abinci nake ba shi ko guba.

Ya rayu. Magana ta zo masa a makare, karatu kuwa bai zauna ba, malamai suka gaji suka maido mana shi. Ya girma a gonar citta ta baffansa wajen Kachia, mai ƙarfi, mai yawan shiru. In ya zo gida Kirsimeti, shi ke faskara mini itace, ya jera su tsaf a gindin katanga.