Amsar da Hajaratu Ta Ba Masu Taswira

A Onitsha aka haifi Hajaratu, aure ya kai ta Fatakwal, takaba kuma ta kawo ta Inugu, inda ta shekara ashirin tana soya waina a unguwar Obiagu. Ɗakina na jikin nata a gidan haya, don haka ba labari aka ba ni ba.

Ɗa ɗaya gare ta, Sagiru, ɗan okada ne kafin ƙwaƙwalwarsa ta taɓu. Duk ƙarshen wata wata nas kan zo ƙaramin asibitin unguwa ta yi masa allura. Allurar nan ce ke riƙe da shi, har yakan taya uwar niƙa. Ta bayan layi suke zuwa, wai kada a gani, alhali kowa ya sani.

Bara sai ga ma'aikatan lafiya suna bi gida-gida, za su zana taswirar inda ake buƙatar maganin ƙwaƙwalwa. Dattawa suka taru a masallaci suka yanke shawara: mu baƙi ne a garin mutane, kada a tona wa juna asiri. Har yau ina jin haushin wannan zama.

Wata Ikram, Bahaushiya mai hankali, ita ta shigo gidanmu da takarda. Hajaratu ta shimfiɗa mata tabarma, ta cika mata kwano da waina, maƙwabta duk mun kasa kunne.

"Mama, akwai mai larurar ƙwaƙwalwa a ɗakin nan?"

"A'a 'yata, lafiya lau muke, alhamdu lillahi."

Sagiru na bayan labule yana ji. Ni ma ina tsaye, na bar maganar ta wuce a haka. Hajaratu ta dangwala yatsa a takardar, ta raka baƙuwa har ƙofa.

Bayan wata huɗu aka mayar da nas wata unguwa mai nisa, tunda taswira ta nuna mu ba mu da kowa. Sagiru ya rasa allura sau biyu. Ranar wata Laraba ya fita babu takalmi, bai dawo ba.

Na raka Hajaratu ofishin ma'aikatan lafiyar don ta kai kuka. Magatakarda ya zaro takardar ya nuna mata, ya tambaye ta da Turancin buroka ko ba hannunta ba ne.

"Mama, no be your hand be dis?"

Yatsanta ne. Bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Yanzu ta jingine tanda. An ce an gan shi a babbar kasuwar Onitsha, ta je. An ce Fatakwal, ta je. Matar da ta kasa faɗa wa mutum ɗaya a kan tabarmarta, yau da hoto take tare 'yan dako da 'yan canji, ko gaisuwa ba ta tsayawa yi.

"Ɗana ne, yana da taɓin hankali. Don Allah, ko kun gan shi?"