Ganuwar Kano da Igwar Damagaram

A shekarar da ƙwarin nan masu jajayen idanu suka fito daga ƙasa suka cika bishiyoyin Virginia da kuka, a ita na fara koyon boko. Na ba hamsin baya, ina gadin garejin motoci a Alexandria. Ina karanta Alƙur'ani tun ina yaro, amma baƙaƙen Nasara a idona tamkar sawun kaji ne. Burina ɗaya ne: in ci jarrabawar zama ɗan ƙasa, wadda sai mutum ya karanta jimla ya kuma rubuta wata, don in samu damar ɗauko mahaifiyata a duba mata ido.

Mu bakwai ne a ajin, duk magidanta, kowace Asabar bayan la'asar. Ɗakin taro ne a ƙasan dogon benen da wani injiniya Bakano yake zaune, da sunansa ake ba mu makulli. Mai koyar da mu kuwa ɗan jarida ne a gidan rediyon gwamnatin Amurka, mutumin Damagaram, muna ce masa Mushe kamar yadda ake kiran malamin lakwal, wato makarantar boko, a Nijar. Aminan juna ne, kuma abokan wasa, irin wasan da ke tsakanin Kanawa da Damagarawa tun kaka da kakanni. Da Injiniya ya shigo da butar shayi, Mushe zai ce, "Yauwa, bawana ya kawo." Shi kuma ya ce, "Sha, ɗan ƙauye, a garinku sai da salla."

Wata Asabar muna kan harafin da ake fara rubuta Washington da shi, sai Mushe ya ajiye alƙalamin allo. Ya ce ya kwana yana fassara labarin na'urorin kakkaɓo makamai masu linzami da Amurka ta girke a Gabashin Turai, kusa da Rasha, da yadda Rashawa ke cewa barazana ce gare su. Kowa ya san kamfanin da Injiniya ke wa aiki irin waɗannan kaya yake ƙerawa.

"Garkuwa ce kawai," in ji Injiniya. "Kamar ganuwar Kano. Ka taɓa jin ganuwa ta tashi ta kai wa wani hari?"

"Ganuwarku a Kano take, Bakano. Ba a bakin ƙofar Zinder kuka gina ta ba."

"Ai don igwarku aka ƙara mata tsawo."

"To, idan na san igwata ba za ta ƙara taɓa ka ba, kai kuma mashinka na iya taɓa ni, me zai sa in yi barci? Sai in ƙera igwa goma."

Muka yi dariya. Ni ma na ji daɗin maganar, don kowannensu da hujjarsa. Amma aka kira magariba harafina na nan rabi a kan allo.

Haka Asabar ta gaba, haka ta bayanta. Mushe ya zana taswirar Turai a inda ya kamata ya rubuta mana jimla. Injiniya ya karɓe alƙalami yana jan layi daga wannan ƙasa zuwa waccan, wai ba Rasha aka nufa ba, wasu can ne daga kudu. Mu kuwa manya da furfura, mun bar aiki, wani daga Gaithersburg yake shigo jirgin ƙasa, muna zaune da fensir a hannu kamar masu jiran gawon shanu. Wani dattijo direban tasi ya raɗa mini, "Malam, wannan makamin a jarrabawa yake fitowa?" Mai koyar da kai kyauta ba ka ce masa ya yi shiru, kuma wa ke shiga tsakanin abokan wasa? Ai ko zagin uba suka yi, al'ada ta ce ba a fushi.

Wannan ce ta cuce mu. Ranar da abin ya ɓaci, ba wanda ya gane.

"Faɗi gaskiya, bawana," in ji Mushe. "Da tsoron mutane kake ciyar da iyalinka."

"Kai fa? Gwamnatin da ke sayen kayana ita ke biyan bakinka. Aku kuturu kawai."

Muka sake kwashewa da dariya, har direban tasi yana tafa hannu. Sai da Injiniya ya ɗauki butarsa ba a sha shayin ba, sannan na gane ba wasa ba ne. Da a ce baƙi ne da juna, da tun kalmar farko mun tashi mun ba su haƙuri.

Asabar ta gaba muka tarar da ɗakin a kulle. Na bi su ɗaya bayan ɗaya, har sau nawa ban ƙirga ba. Injiniya ya ce shi bai hana kowa karatu ba, kare mutuncinsa kawai yake yi. Mushe ya ce ba zai taka benen wanda ya rufe masa ƙofa ba, kowa ya ga wa ya fara. Na zauna a falon kowanne ina kallon takardun digiri a bango. Mutanen da suka iya karatu da harsuna uku, sun kasa karanta fuskokin mutum bakwai da ke gabansu.

Na shiga jarrabawa a kan lokacinta. Tambayoyin baka na amsa su. Da matar da ke yi mini jarrabawar ta karanto jimla ta ce in rubuta, na yi baƙi biyu hannuna ya tsaya. Aka ba ni dama ta biyu, ita ma haka. Daga baya a ajin ɗakin karatu na unguwa na ƙarasa, wajen wata tsohuwa da ba ta taɓa yi mana zancen makami ba. Kafin in ci, kafin takardu su fito, Inna ta riga ta daina gani, likita a gida ya ce an makara.

Na'urorin suna nan inda aka girke su, Rashawa ma ba su fasa ƙera nasu ba. Mu ga abin da muka rasa: aji ɗaya, ɗalibai biyar da ba su ƙara riƙe fensir ba, abota guda, da idanun Inna biyu.