Layin Da Ya Shiga Dutse

A Daudawa na tashi, a ɗakin kakata, wadda duk gidan muke ce wa Iya. Idan an kwashe auduga sanyi ya sauko, bayan isha'i takan hura karan dawa a bakin ɗakinta, ta tura dankali cikin toka, mu jikoki mu kewaye ta tana kaɗi. Ni take ce wa Maigida, don sunan mijinta na ci.

Shekarar da wayar hannu ta iso garinmu, Kawu Sale ya dawo daga Funtuwa yana murna wai ya sayi layi. Iya ta ajiye mazari ta dube shi.

"Layi kuma? Wane daga ciki? Na asibiti da muke bi, ko na dogo da ya cinye ƙarfin ubana, ko wanda kuke ja a takarda?"

Muka yi dariya. Kawu ya ce kalmar Turawa ce, haka take, ma'anarta da yawa. Iya ba ta yi dariya ba. Ta ce mu matso, ga tatsuniya nan tafe, mai tsoro ya riƙe ɗan'uwansa.

Wai a wata shekarar yunwa wani dogon baƙo ya shigo wani gari, da farar riga har ƙasa. Bai yi sallama ba. Ya tsaya a bakin kasuwa ya ce, "Layi." Wani da ya taɓa zuwa birni ya ce rabon hatsi ake nufi. Wani ya ce a'a, aikin hanyar jirgi ne, ana ba da abinci. Wani ya ce sabuwar unguwa za a yanka musu. Kowa ya ɗauki ma'anar da cikinsa ke so, babu wanda ya tambayi mai maganar. Suka jeru, baƙo ya nufi daji, suka bi shi.

A nan Iya ke rage murya, har mu riƙa jin karan da wuta ke ci. "Maigida, wanda ke cikin layi, mi yake gani? Ƙeyar na gabanshi. Shi ke nan."

Ta ƙarshe a layin wata yarinya ce. Ƙaya ta soke ta, ta ratse gefe ta duƙa. Da ta ɗago sai ta hango gaban layin: dutse ne ya buɗe baki, mutane na shiga ɗaya bayan ɗaya, ba mai fitowa. Ta ƙwala wa uwarta kira. Uwar ko waiwaye ba ta yi ba, ta ce, "Yi mani shiru, kada a ƙwace mani wuri."

Iya ba ta taɓa gaya mana ƙarshen yarinyar ba. Nakan kwana a dunƙule cikin bargo, da safe kuma in ce wa ƙannena ai mutanen garin nan wawaye ne.

Na girma na zama malamin firamare a Ƙanƙara, Iya ta daɗe da rasuwa. Wata ranar kasuwa, da rana tsaka, 'yan bindiga suka tare motarmu. Ɗayansu ya ce, "Ku sauko ku yi layi." Na san wane layi ne, kowa ma ya sani. Muka jeru. Gabana wani mutum ne mai shuɗiyar riga, da tabon ƙuna a bayan kunne, yana ta jan hasbunallahu a hankali. Suka zaɓi waɗanda suka zaɓa, har da shi, suka shiga daji da su. Mu kuwa suka ce mu kife, muka kife har ƙarar babura ta ɓace.

Bayan kwanaki wata mata ta zo makarantarmu daga Tafoki, goye da jariri. An ce mata ina cikin motar. Ta nuna mini hoton mijinta a waya. Na daɗe ina kallo, ban san fuskar ba. Sai na tambaye ta ko yana da tabo a bayan kunne. Ta durƙushe a ƙasa.

Da ina yaro na ɗauka Iya na koya mana mu tambayi ma'anar magana kafin mu bi ta. Haka ne. Amma akwai ranar da za ka san ma'anar sarai, ƙafarka kuma ta bi. Sai yanzu na lura ko sau ɗaya Iya ba ta zagi mutanen garin nan ba.

Matar takan kira ni jefi-jefi, ta ce, "Malam, halan ka tuna wani abu da ya faɗa?" Abin da nake da shi bai canza ba: yana ambaton Allah, kuma muryarsa ba ta rawa.