Takardun da na zare daga allurorin Usman

Shekara goma sha biyu ke nan da aka aiko mana cewa Usman, ɗana na uku, ya rasu a Kudancin Sudan, wata huɗu bayan an ɗauke shi a tasha zuwa aikin soja. Ko gawarsa ban gani ba. Akwatunan katako uku ya bar mini.

Karatun dabbobi yake yi. Duk damina, abokansa na tafiya aikin riɗi, shi kuwa sai ya ɗauki raga da kwalba ya bi shanu, daga Ƙala'at an-Nahal har Gallabat, yana kama bobuwa, ƙudan nan mai cizo da ke hana dabba kiwo. Mu bobuwa ɗaya muka sani. Shi ya ce iri-iri ce, kuma yana so ya rubuta ta Sudan duka. "Inna, dubi idon wannan, kore shar!" Na ce, "Ya waladi, ɗana, kau da ita, tankaɗe nake."

Kowace ya soke ta da allura a cikin akwatunan nan, da 'yar takarda a ƙarƙashi.

Bayan sadakar arba'in na buɗe akwatunan. Lokacin ban iya karatu ba. Ganin rubutun Larabci a ƙarƙashin mushe, hankalina ya tashi, kada a ce akwai sunan Allah a ciki. Na zare takardun ɗaya bayan ɗaya, na naɗe a ƙyalle mai tsabta, na ajiye a sama. Sai da na shiga yaƙi da jahilci na karanta su da kaina. Ashe sunan gari ne, da sunan wata, da dabbar da aka kama bobuwar a kai.

Sau uku ina kai akwatunan wurin masana. Biyu ko murfi ba su ɗaga ba. Na ukun ya duba, ya ce, "Malesh ya Hajja, ki yi haƙuri, ƙudan da ba a san inda aka kama shi ba, ƙuda ne kawai." Ban yi masa gardama ba. Amma ko zama bai ce in yi ba.

Da Usman zai dawo yau, ban san wanne zai fi ɓata masa rai ba, aikin hannuna ko dazuzzukan da ya bi, waɗanda tarakta ta mayar gonakin dawa. Wa ya san ko wasu irin sun ƙare, sai na cikin ɗakina?

Takardun suna nan, ƙudajen suna nan, mai haɗa su ne babu. In akwai wanda ya taɓa bin shanu da shi a cikin masu karanta wannan, don Allah ya nemi Innar Usman a bayan kasuwar hatsi. Kada ya jira wata damina. Fikafikan sun fara zuba.